Ƙasa Ɗaya Aka Kwaɓa: Tarihin Ƙaramin Cocin Ƙauye a Ƙasar Sakkwato da Katsina

Wanda ya bar birnin Sakkwato da sassafe ya miƙi hanyar Jega, kafin rana ta yi zafi zai ratsa ƙasar Boɗinga da Sifawa, ya wuce mararrabar Yabo, ya faɗa Shagari, sannan Tambuwal. Kowane zango a wannan hanya da labarinsa. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Boɗinga mazaunin ƙanensa ce, Malam Abdullahi, kafin Gwandu ta zama gidansa. Shagari ta haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, a nan kuma aka binne shi a ƙarshen 2018. Ƙasar malamai ce, ƙasar allo da tawada, ko yaro ya san haka.

Saboda haka in aka ce za a ba da tarihin cocin Katolika na ƙauye daga wannan ƙasa, wani zai ce an yi ɓatan kai. Ba a yi ba. Daga Boɗinga zuwa kujerar Bishop ɗin Sakkwato tafiyar mintoci ce a mota, kuma hanyar nan ita ta haɗa Sakkwato da Yelwa ta Yawuri, ɗaya daga cikin tsofaffin tashoshin limaman Katolika a wannan yanki. Kiristoci 'yan kaɗan ne a nan, gininsu na ƙauye ma ƙarami ne, wani bai fi zauren dagaci ba. Amma wanda ya tsaya ya dubi bangonsa da kyau zai karanta tarihin shekara ɗari na ƙasarmu: zuwan dogo, tashin baƙi, yaƙi, ƙaura, da yadda addinin da ya zo da Latin ya koma yana magana da Hausa. Zai kuma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato ƙasar da aka kwaɓa aka gina masallacin unguwa ita aka kwaɓa aka gina shi, sau da yawa ma hannu ɗaya ne ya aza tubalin.

Kafin a aza tubali

Limaman Katolika na farko da tarihi ya tabbatar sun taka ƙasar Hausa ba ta teku suka zo ba, ta Sahara suka biyo. Wasu biyu 'yan ɗarikar Faransis sun taso daga Tarabulus a 1710, suka bi ayari ta Agadas, suka iso Katsina a 1711. Ciwo ya kama su, a can suka mutu, ba su bar gini ba, ba su bar mabiya ba. Bayan fiye da shekara ɗari, a 1824, Baturen Ingila Kilafaton ya zo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ɗarikun Kiristoci na dā, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har baƙon ya amsa cewa abin ya fi ƙarfin iliminsa. Malaman wannan ƙasa sun san Kiristanci a littafi tun kafin su ga coci da ido.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shugabansu Lugga ya yi alkawari a gaban manyan gari cewa gwamnati ba za ta sa hannu a sha'anin addini ba. Wannan alkawari ya zama katanga. Shekaru da dama jami'an mulkin mallaka ba sa barin 'yan mishan su yi wa'azi ko su kafa tasha a cikin masarautun Musulmi. Limaman ƙungiyar SMA, waɗanda suka sauka Lakwaja a 1884, sai suka zagaya ta Shendam a 1907, suka fuskanci ƙabilun tsakiyar ƙasa. Ƙofar da aka buɗe wa mishan a ƙasar Sakkwato daga baya ta asibitin kutare ce, kamar na Amanawa da 'yan SIM suka riƙe tun ƙarshen shekarun 1930, su kuwa ba Katolika ba ne.

Cocin baƙi

Abin da doka ta hana, dogo ya kawo. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Tare da shi aka sami akawu, da direban jirgi, da kafinta, da ma'aikacin gidan waya, da ɗan tireda, yawancinsu daga kudu, da yawa kuma Inyamurai mabiya ɗarikar Katolika. Aka ware musu Sabon Gari. Ran Lahadi sukan taru a ɗakin wani daga cikinsu su yi addu'a, in an yi sa'a Fada, wato limaminsu, ya zo daga Zariya ko Kaduna a jirgi, ya yi musu Mas, wato babbar ibadarsu, ya yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya koma.

Cocin farko a wannan ƙasa na baƙi ne, gininsa ma ya nuna haka. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da rana makaranta, ran Lahadi wurin ibada. Bencin da yara suka zauna suka koyi karatu shi iyayensu ke durƙusawa a bayansa. Addu'ar bagadi da Latin, waƙa da harshen Ibo, sanarwa da Turanci. Bahaushen da ya wuce ta ƙofar yakan ɗauke shi kamar tashar jirgi ko kantin kamfani, abin baƙi ne da ba ruwansa da shi.

A 1953 fadar Fafaroma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina daga Kaduna, ta mai da su yanki mai zaman kansa, ta danƙa wa limaman ɗarikar Dominik daga Shikago ta Amurka, masu fararen riguna, waɗanda suka sauka Legas a 1951. Shugabansu Edward Lawton ne. Gusau suka fara yi wa sansani, don nan jama'arsu ta fi yawa. A 1956 'yan'uwa mata na ɗarikar suka zo daga jihar Kansas, suka kama aikin magani da karɓar haihuwa da koyarwa. Daga Gusau aka miƙa zuwa Funtuwa, da Yelwa, da Sakkwato, da Katsina, da Malumfashi. A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis, Lawton ya zama Bishop ɗin Sakkwato na farko.

Shekarar da benci ya zama wayam

Shekara biyu kacal bayan haka komai ya rushe. Kashe-kashen 1966, na watan Mayu da na Satumba zuwa Oktoba, sun sa 'yan Gabas suka kwashe iyalansu suka bar Arewa. Mutanen da suka tara kuɗi suka sayi kwano, suka yi dakon bulo a ka, suka cika benci, cikin 'yan makonni babu su. Limaman suka wayi gari da gine-gine ba jama'a. A watan Disamba na wannan shekara Bishop Lawton ya rasu. Michael Dempsey ya gaje shi a 1967, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke.

A nan tarihin cocin ƙauye ya fara da gaske. Tambayar da ta tsaya wa limaman a rai ita ce: in baƙi sun tafi, wa ya rage? Amsar tana can kudancin Katsina, a ƙauyuka da gidajen gona na Malumfashi da Kafur da kewayensu, inda Hausawan da ake kira Maguzawa suke zaune. Manoma ne na gaske, Hausa tsantsa a bakinsu, ba su shiga Musulunci ba, suna kan al'adun kakanni. Zamani ya matso su. Makaranta, da asibiti, da kotu, da ƙidaya, kowanne yana tambayar mutum addininsa, kuma a farkon shekarun 1960 Sardauna Ahmadu Bello yana zagayen musuluntarwa. Da yawa sun musulunta. Wasu suka zaɓi Kiristanci, a hannun 'yan SIM, ko Angilika, ko Katolika. Jikokinsu a yau sun fi son a kira su Hausawa Kirista ko Masihiyawa, kuma haƙƙinsu ne a kira su da sunan da suke so.

Abu biyu suka sauƙaƙa wannan juyi. Na farko, babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya yarda a yi ibada da harshen jama'a. Littafi Mai Tsarki dama yana nan da Hausa tun 1932. Na biyu, da yake Fada ɗaya ba ya iya zagaya ƙauyuka barkatai, sai aka dogara ga katikis, wato malamin coci, ɗan gari mai gona da iyali. Aka buɗe makarantar horar da su a Malumfashi. Katikis shi ke koya wa yara addu'a, shi ke jagorancin ibadar Lahadi in Fada bai zo ba, shi ke binne mamaci, shi ke sasanta miji da mata. Kuma kusan kullum a gefen gidansa ko a gonar da wani dattijo ya bayar ake kafa gofar farko ta coci.

Daga rumfa zuwa bulo

Cocin ƙauye hawa huɗu yake yi, wanda ya san gini yana iya gane shekarun jama'a daga hawan da suke kai. Hawa na farko inuwar itace ce, ɗorawa ko tsamiya ko mangwaro, da tabarma da ɗan tebur. Na biyu rumfa: gofa, da kara, da zana a kewaye, da gicciyen itace biyu da aka ɗaure da igiya. Rumfa ba ta wuce damina biyu sai an sabunta ta, gara da iska ba sa barinta.

Hawa na uku shi ne ginin ƙasa, a nan ne aikin ya zama na gari duka. Bayan an gama girbi, kaka ta shiga, sai a yi gayya. Samari su haƙo jar ƙasa daga kududdufi, mata da 'yan mata su yi ta jigilar ruwa, a zuba ciyawa a tattake da ƙafa, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa, a sake tattakawa. Sannan a dunƙula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Magini ya hau bango ya zauna kamar mai hawan doki, ana jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa, yana jerawa tsaye, yana ja da baya. Ba ya aza sabon layi sai na jiya ya sha iska. Gindin bango kauri, samansa siriri, don ya ɗauki nauyin kansa.

Magini ba ya tambayar addinin mai gini. Sana'a ce ta gado, yawancin masu ita Musulmi ne, ƙauyen Kirista kuwa in zai yi gini mai kyau gwanin da ke kusa yake kira. Shi ya sa za ka ga kafaɗar bangon coci da ta masallacin ƙauyen da ke gaba kamar an tsaga kara: lanƙwasa ɗaya, indararo ɗaya, wani lokaci har da zanko a kusurwa.

Rufi shi ne mai yanke hukunci. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta, amma in aka shimfiɗa ta a miƙe aka ɗora mata ƙasa ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce ƙafa shida ko kaɗan fiye da haka. Wanda ke son ɗaki mai faɗi, ko ya tsayar da ginshiƙai a tsakiya, ko ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo, wanda ke jera azara daga bango biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Da ita kuma aka gina cocin Angilika na Wusasa wajen 1929, wanda har yau yake tsaye yana shaida cewa ginin Hausa yana iya ɗaukar ibadar Kirista ba tare da ya sauya kama ba.

Sai dai bakan gizo aikin sarakuna ne da attajirai. Manoma talatin ba su da kuɗin gwani irin wannan, kuma soro yana son yaɓe duk shekara, da makuba daga ɓawon ɗorawa ko katsi daga marina don ruwa ya zame. Saboda haka yawancin ƙauyuka suka tsaya tsakiya: bangon ƙasa, rufin jinka, daga baya kwano a kan katako. Faɗin ɗakin ya tsaya daidai tsawon katakon da aka iya saye. In jama'a ta ƙaru ba a faɗaɗawa, sai a rushe bangon ƙofa a ƙara tsawo. Duba gefen tsohon cocin ƙauye za ka ga layin da sabon gini ya haɗu da tsoho, wani biyu, wani uku. Kowane layi alamar zuriya ce da ta taso.

Kwano ya kawo sauƙi, ya kawo wahala. Ba ya son yaɓe, gobara ba ta cinsa kamar jinka. Amma a watan Afrilu zafinsa ya isa ya gasa mutum, in kuwa ruwa ya sauko da ƙarfi ko mai wa'azi ba ya jin kansa. Dabarar da aka yi ita ce a bar tazara tsakanin kan bango da rufi, a yi tagogi ƙanana da yawa suna fuskantar juna, daga baya a sa bulo mai huji, wani hujin a siffar gicciye, iska ta shiga haske ya zana alama a daɓe. Hawa na huɗu, na bulo da siminti, yakan zo ne in 'ya'yan ƙauye sun sami aiki a birni. A wurare da yawa ba a rushe tsohon sai sabon ya kewaye shi, ana ibada a ciki ana gini a waje, shekara da shekaru, buhu bayan buhu.

Abin da ido ya gani

Na taɓa kwana a wani ƙauye kudu da Malumfashi, daren Asabar, lokacin kaka. Da sassafe ƙarar ƙarfe ta tashe ni. Na fito na tarar da wani dattijo a gindin dalbejiya yana dukan guntun ƙarfen dogo da aka rataye da waya. Na ce, “Sannu da aiki, Baba.” Ya ce, “Yawwa Malam, an tashi lafiya?” Shi ne katikis, wannan ƙarfe kuma shi ne ƙararrawarsu. Dogon da ya kawo cocin baƙi, guntunsa ne ke kiran 'yan ƙasa.

Ya buɗe mini ƙofa kafin mutane su taru. Taku ashirin ne tsawon ɗakin, na ƙirga. Kujerun baya na ƙasa ne, an gina su kamar dakali, zama ya goge su har suna sheƙi. Na gaba katako ne. Hanya ta raba tsakiya, maza a hannu ɗaya, mata a ɗaya, yara a tabarma can gaba. A jikin bango an jera ƙananan hotuna goma sha huɗu na hanyar gicciye, rana ta kashe launinsu. Can ƙurya daɓen ya ɗaga da taki ɗaya, a kansa bagadi, an lulluɓe shi da farin ƙyalle da mata suka yi wa ado da zare. A bangon da ke bayansa akwai tabon wani tsohon dakali da aka sassare. Wannan tabo tarihi ne. A dā bagadi manne yake da bango, Fada ya ba jama'a baya, kowa na fuskantar gaba ɗaya. Bayan taron Batikan aka jawo shi tsakiya, liman ya juyo yana kallon mutane. Shawarar da aka yanke a Rum ta bar alama a bangon ƙasa a ƙasar Katsina.

Babu jar fitilar nan da ake bari tana ci dare da rana a cocin da Fada yake zaune, don a nan ba a ajiye gurasar da aka keɓe. Akwai ɗan ɗaki a gefe mai gado ɗaya, nan Fada ke sa tufafin ibada, nan yake kwana in dare ya yi masa. A kusurwa an jingine ganga, da tulun da zumuntar mata ke bugawa, da kacau-kacau. A bakin ƙofa kuwa dammunan dawa ne a tsaye, baikon godiya na kaka, waɗanda za a sayar a sayi kwanon da zai maye wanda ya yi tsatsa.

A nan na lura da bambancin da ke tsakanin wannan ɗaki da masallacin da na saba. Masallaci faɗi yake nema, don sahu ya miƙe, kowa yana son na farko. Coci tsawo yake nema, don ana tafiya ne daga ƙofa zuwa bagadi, a shigo a jere, a kai baiko a jere, a karɓi jibi a jere. Wannan tsari ya samo asali daga dogayen zaurukan taro na Rumawa, waɗanda Kiristoci suka ɗauka bayan Sarki Kustantin ya ba su 'yancin ibada a shekara ta 313. Amma tsohuwar al'adar coci ita ce bagadi ya kasance a gabas, alƙiblarmu ma a nan ƙasar gabas take. Magini ɗaya, ƙasa ɗaya, ya miƙa wannan a tsaye, ya shimfiɗa wancan a kwance.

Daga hannun baƙi zuwa hannun 'yan gida

Bayan yaƙi 'yan kudu sun dawo, cocin birni ya sake cika, gwamnati kuma ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. A watan Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci Nijeriya, ya je Kaduna ya naɗa sababbin limamai. Shugaban ƙasar da ya tarbe shi a Legas ɗan wannan hanya tamu ne, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara karatun boko a Yabo. A 1984 Kevin Aje, ɗan ƙasar Filato, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe kujerar Sakkwato. Matthew Hassan Kukah ya gaje shi a 2011. A 2023 aka yanke Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta, aka naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan jihar. Daga rumfar kara zuwa hular bishop, shekara sittin ke nan ko ƙasa da haka.

Ba zan ɓoye ɗacin da ke cikin labarin ba. A watan Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Shagari, bisa zargin ɓatanci. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan. Kwana biyu bayan haka masu zanga-zanga suka far wa babban cocin Holy Family da wani cocin a cikin gari. Har ila yau a watan Mayun 2022 'yan bindiga suka shiga gidan limaman cocin Gidan Maikambu a ƙaramar hukumar Kafur suka sace biyu daga cikinsu. A watan Agustan 2025 kuwa masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi aka buɗe wa wuta ana sallar Asuba, aka kashe masallata da dama. Ruwan da ya doki wannan bango shi ya doki wancan. Ƙauyuka sun watse a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, kuma ginin ƙasa in mai shi ya yi ƙaura damina uku ta ishe shi ya koma tudu.

Wannan shi ke damuna. Manyan gine-gine suna da masu rubuta tarihinsu, ƙananan ba su da kowa. Dattawan da suka san wa ya ba da fili, wane magini aka kira, wace shekara aka sa kwano, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Haka yake ga cocin ƙauye, haka yake ga tsofaffin masallatan ƙasa na Sifawa da Boɗinga da Yabo da Shagari da garuruwan da ke kewaye da su, waɗanda ake yawan rushe irinsu a maye da bulo ba tare da an auna su ko an ɗauki hotonsu ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana nan kusa, ofishin tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin Sakkwato. Ɗalibi ɗaya da igiyar awo da waya mai kyamara, ya zauna da tsoho yini ɗaya, ya isa ya ceci tarihin gini guda. Wanda ya rubuta tarihin wurin ibadar maƙwabcinsa da hannunsa, da wuya ya ɗauki dutse ya jefe shi.

Kafin in bar ƙauyen nan, Baba katikis ya zagaya da ni bayan cocin, inda tsohon bangon ƙasa bai riga ya sha siminti ba. Ya nuna mini sawun yatsu a jikin yaɓen, layi-layi, kamar kunyoyin gona. Ya gaya mini cewa maginin da ya aza bangon Musulmi ne daga garin da ke gaba, in azahar ta yi yakan sauko ya yi alwala ya yi sallarsa a inuwar ginin, sannan ya koma sama. Ya daɗe da rasuwa. Amma duk shekara kafin ruwan fari, matasan ƙauyen sukan kwaɓa ƙasa su bi sawun yatsunsa su sake yaɓawa, don bangon ya ga wata damina.